Yadda na bi matakan gyara intanet ɗin gidana a Kano, daga kiran 300 har hawa rufin kwano

Gidana yana bayan gari, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tashi a hanyar Gwarzo bayan an wuce sabuwar Jami'ar Bayero. Kusan kowa a gidan da intanet yake neman abinci ko karatu. Ni ina yi wa wasu 'yan kasuwa lissafin shago, ta intanet nake karɓar takardunsu nake mayar musu. Maiɗakina tana sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, ƙanwata da ke zaune tare da mu ɗaliba ce a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, babban ɗana kuma a lokacin yana shirin JAMB. Rauta ɗaya ce, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, take ɗauke da mu duka, irin ta 4G mai sim a ciki, wadda yayana ya bar mini lokacin da aiki ya mayar da shi Kaduna. Ta daɗe tana yi mana aiki ba mu san da wata matsala ba, sai a hankali abu ya fara ja da baya. Hoton atamfa ɗaya sai ya yi ta juyi kafin ya tafi, kiran bidiyo ya riƙa tsayawa fuskar mutum ta daskare, ƙanwata tana tsakiyar aikin makaranta shafi ya ƙi buɗewa. Abin ya fi ci mini rai a farkon 2025, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Ba ƙarin ne ya jawo matsalar ba, amma biyan kuɗi mai yawa a kan abin da ba ya biyan buƙata shi ya sa na ce sai na ga ƙarshen lamarin.

Da kiran 300 na fara, lambar da yanzu ake samun masu kula da abokan hulɗa a kowane layi. Bayan an gama danna ɗaya danna biyu da sauraren kiɗa, wani saurayi mai ladabi ya ɗauka. Ya tambayi lambar sim ɗin rautar da sunan unguwa, ya ce in kashe in jira kaɗan in kunna, in cire sim in goge in mayar. Na yi duka yana kan layi, babu abin da ya sauya. Ya ce a nasu ɓangaren ba su ga wata matsala a yankinmu ba, amma ya shigar da ƙorafi, za a tuntuɓe ni. Kafin ya ajiye na ce masa don Allah ya ba ni lambar ƙorafin, ya karanto mini na rubuta, daga baya kuma ta shigo ta saƙon tes. Wannan lamba ta yi mini rana a gaba, don haka duk wanda ya kira kada ya ajiye waya bai karɓe ta ba. Kiran da aka ce za a yi mini bai zo ba, sai saƙo da ya ce an warware matsalata, in ba su maki a kan yadda aka kula da ni. A daren da saƙon ya shigo maiɗakina tana tsakar gida tana ɗaga waya sama, wata mai saye daga Zariya tana jiran bidiyon leshi.

Wani abokin aikina da ya taɓa aiki a shagon kwamfuta shi ya sa ni a hanya. Ya ce kalmar "babu sabis" ba ta gaya wa kowa komai, in je in auna. Ya sa na sauke manhajar Speedtest, ya kuma nuna mini shafin fast.com da ake buɗewa ba sai an sauke komai ba. Na samu littafin makaranta na ja layuka: lokaci, wurin da na tsaya, gudun saukewa, gudun ɗorawa, akwai wuta ko babu. Na riƙa aunawa bayan sallar asuba, da rana, da bayan isha'i, wani lokaci a gaban rautar, wani lokaci a ɗakin maiɗakina da ke can ƙurya. Ya ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, awon kansa yana cin data, kada in maida shi wasa. Na biyu, lambar da ke fitowa megabit ce, kuma sai an tara megabit 8 ake samun megabayit 1, shi ya sa wanda ya ga 16 a awo zai ga fayil yana sauka da 2 kawai, ba cutarsa aka yi ba. Da littafin ya fara cika sai abin ya fito fili. Da asuba a gaban rauta ina samun 17 ko 18, a daidai wannan lokaci a ɗakin ƙurya da ƙyar ake ganin 2. Daga bayan magariba zuwa sha ɗaya na dare ko a gaban rautar ba a kai 2. Idan wata ya yi nisa kuma, asuba da dare duk ɗaya ne, gudun ya tsaya cak a ƙasa kamar an ɗaure shi. Sannan duk sanda aka ɗauke wuta ko aka kawo ta da rauni, rautar tana mutuwa ta ɗauki lokaci kafin ta dawo. Ashe cuta huɗu ce nake kira da suna ɗaya, kuma kowacce da wanda zai magance ta.

Da littafin da rautar a leda na tafi ofishin kamfanin da ke cikin gari. Na isa da hantsi na tarar da mutane har bakin ƙofa, yawancinsu masu matsalar haɗa layi da NIN da waɗanda aka sace wa waya. Mai gadi ya ba ni 'yar takarda mai lamba, na samu gefen benci. Sai bayan azahar aka kira ni. Wadda na samu wata matashiya ce, ta buga lambar sim ɗin a kwamfuta ta ɗago ta ce, "Malam, ba sunanka ba ne a kan layin nan." Na ce na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ga katina ta duba sunan mahaifi. Ta ce ta yarda, amma ba za ta iya buɗe mini bayanan layin ba, ba kuma za ta sauya sim ko ta mayar da shi sunana ba sai mai layin ya zo da kansa da NIN ɗinsa, an ɗauki hotonsa an tantance shi. Raina ya ɓaci, ga yunwa ga wuni ya tafi, amma dokar ba ita ta kafa ba, kuma in da wani ne ya zo da layina haka zan so a yi masa. Ta dai yi mini abin da za ta iya. Ta jona rautar a nan ofis ta auna, sai ga 40 da ɗoriya. Ta ce, "Ka ga na'urarka lafiyarta ƙalau, kada wani ya sa ka sayi sabuwa." Sannan ta tambayi tsarin datar da nake saye. Da na faɗa mata sai ta buɗo sharuɗɗansa ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Tsarin da ake tallarsa da sunan mara iyaka yana da wani adadi da idan aka kai shi ba a yanke data, amma ana rage gudu har sai an sabunta. Wannan ne sirrin tsayawar da nake gani idan wata ya yi nisa. Yana rubuce a sharuɗɗan, cikin ƙananan rubutun da ba kowa ke karantawa ba.

Sai da yayana ya shigo Kano wani ɗaurin aure muka koma tare, wannan karon tun kafin a buɗe ƙofa. Ya zo da takardar NIN ɗinsa na zo da tawa, aka ɗauki hotonmu, muka cike fom na mayar da layi, aka ba ni sabon sim. Ba mu daɗe ba kamar zuwan farko. A nan ne aka nuna mini yadda datarmu ke tafiya rana-rana, sai na ga muna kaiwa iyakar tun wata bai raba ba, abin da ya fi ƙarfin abin da na san muna yi a gidan. Na riƙe wannan a raina. Na sauya zuwa tsari mai adadi sananne wanda ba a rage masa gudu, ina duba saura da *323# ko a manhajar kamfanin. Ya ɗan fi tsada, amma na san abin da na saya.

Daga nan sai kasuwar waya ta Farm Centre, neman maganin raunin sabis. Duk shagon da na tsaya da irin shawarar da za a ba ni. Wani ya ce rauta ta 5G ce kawai mafita. Gaskiya ne Kano tana cikin biranen da aka fara kawo wa 5G tun 2022, amma ba kowace unguwa ta samu ba, kuma wayar ƙanwata mai 5G ba ta taɓa nuna shi a gidanmu ba sai ta shiga cikin gari, don haka na wuce. Wani ya fito mini da akwati mai eriya biyu da ake kira busta, ya ce in na kafa ta har maƙwabta sai sun gode mini. Abokin aikin nan nawa ya riga ya gargaɗe ni a kanta, domin NCC ta fitar da sanarwa a 2021 tana hana sayarwa da amfani da irin waɗannan na'urori ba da izini ba, saboda suna dagula sabis ɗin sauran jama'a. Na ba shi haƙuri na ƙara gaba. A ƙarshe wani dattijo mai sayar da kayan kyamarar tsaro ya ce mini, "Alhaji, kada ka sayi komai yau. Ga yaron da yake yi mana aikin kafa kaya, ya je ya ga gidan tukuna." Muka yi ciniki a kan naira dubu biyar kuɗin zuwa dubawa, ban da kuɗin adaidaita sahu.

Yaron, wanda kowa ke kira Injiniya, ya zo da 'yar jakar baya da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Yana shiga falo ya ga inda rautar take ya yi murmushi. Tana cikin kabad ɗin talabijin, a hawa na ƙasa, bayan dikoda, ga gilashi a rufe, ƙura ta toshe ramukan shan iskarta. Ya taɓa ta ya ce in taɓa, zafi kamar an sauke ta daga wuta, kuma lokacin bazara ce, zafin Kano yana haura 40. Bai kula da sandunan sabis da ke jikinta ba, ya ce ƙarya suke yi wa mutane. Ya juya ta ya karanta adireshin da ke manne a ƙasanta, irin lambobin nan masu farawa da 192.168, ya buga a burauza ya shiga shafin saitinta da kalmar sirrin da ke rubuce a wurin, wadda ba a taɓa sauyawa ba. Ya nuna mini lambobi biyu. Ta farko RSRP, ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfen sabis, ana rubuta ta da alamar ragi a gaba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -80 lafiya lau, -100 an fara jin jiki, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ta biyu SINR, tsabtar siginar daga hayaniya, ita kuma babba ake so. A cikin kabad ɗin tamu tana nuna -112, SINR kuma 2. Ya jona rautar da wani ƙaramin batir ya riƙa yawo da ita a gidan, ɗana yana biye da shi da kwamfuta yana karanto lambobi. A tagar falo -104, a tagar kicin da ke kallon gabas -97. Ya fita waje ya tsaya ya daɗe yana kallon benen da maƙwabcinmu na baya ya ɗora bara, sannan ya ce, "Yallaɓai, ga abin da ya tare ka." Ƙarfen sabis ɗin da muke sha yana bayan benen ne sak. Da na lissafa, lokacin da aka zuba dakin benen ya yi daidai da lokacin da abin ya fara lalace mana. Ya nemi tsani a maƙwabta ya hau rufin kwano da rautar a hannu, yana taka layin ƙusa don kada kwanon ya lotsa, yana juyawa a hankali. Daga sama ya kama wani ƙarfen dabam ta ɓangaren titi, ɗana ya ɗaga murya daga ƙasa: -87, SINR 15.

Shawararsa ita ce eriyar waje mai kallon gefe guda, a ɗaure ta a bututun ƙarfe a saman rufi. Kafin mu sayi komai ya buɗe wani ɗan murfi a bayan rautar ya tabbatar tana da ramuka biyu na jona eriya, domin ba kowace rauta ke da su ba, kuma mutane da yawa sai sun sayo eriya suke ganewa. Ya kuma dage a kan kada wayar eriyar ta yi tsawo, don sigina tana zubewa a cikinta, wanda ya ja mita 20 ya zubar da yawancin abin da ya hau rufi nema. Saboda haka rautar ce ta tashi daga falo ta koma kan wani katako da ya kafa a saman bangon barandar kicin, a inuwa, inda waya mai mita 5 ta isa. Eriya da wayoyinta da bututu da siminti kaɗan sun ci mini kusan naira dubu hamsin a lokacin, kuɗin aikinsa dubu goma sha biyar. Farashin irin waɗannan kaya yana bin dala, kada wani ya riƙe nawa a matsayin ma'auni. Ya sa bututun bai fi sauran ƙarafan rufin tsawo sosai ba, ya kuma ja masa waya zuwa ƙasa saboda tsawa, ya ce idan hadari ya haɗu da walƙiya mai yawa a cire jonin a huta. A shafin saiti ya gwada zangunan 4G, wato hanyoyin da sigina ke bi daga ƙarfen sabis zuwa rauta, ɗaya bayan ɗaya. Ya bayyana mini cewa zangon 800 ya fi ratsa bango da tafiya nesa, shi ya sa na'urar da ke cikin ɗaki take maƙale masa, amma hanyarsa ƙarama ce kuma kowa a kansa yake. Na 1800 da na 2600 sun fi faɗi, sai dai ba sa jure bango. Da eriya a sama sai ya ɗaure rautar a kan na 1800, wanda ya fi ba da sakamako a wurinmu. A wani gidan wani zangon ne zai fi, sai an gwada.

Saura cikin gida. Ginin bulo ne mai kauri, tsakanin baranda da ɗakin ƙurya bango uku ne. Ya ce Wi-Fi iri biyu rautar take fitarwa, na 2.4 da na 5, kuma wannan 5 ɗin ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya ko biyu ya gama da shi, na 2.4 ya fi nisa amma a kansa na'urorin maƙwabta suke cunkushe. Ya raba musu suna don mu san wanda muke kai, ya duba tashoshin da maƙwabta suke ya mayar da namu inda ba kowa, a cikin 1 da 6 da 11, waɗanda ba sa hawa kan juna. Ɗakin ƙurya kuma bai yarda da 'yar na'urar nan da ake soka wa a soket tana maimaita Wi-Fi ba, ya ce raunin da ta samu shi za ta maimaita. Muka sayi rauta ta hannu mai arha, ya ja mata kebul na Cat6 ta cikin silin daga babbar rautar, ya saita ta ta zama mai rarrabawa kawai. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, namu ko 20 bai kai ba. Maiɗakina ta tura bidiyon da ya saba cin minti da minti, kafin ta ajiye wayar ya tafi, ta ce, "Injiniya, Allah Ya yi maka albarka," ta sa aka ƙara masa nama a tuwo.

Yana cikin cin tuwon ne ya buɗe jerin na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗinmu. Mun ƙirga na gidan, wayoyi da kwamfuta da talabijin, tara. Jerin ya nuna 17. Ɗana ya sunkuyar da kai. Wayoyin Android na yanzu suna fitar da hoton lambar QR da wani zai ɗauka ya shiga Wi-Fi ba sai an faɗa masa kalmar sirri ba, ya ba abokinsa ɗaya, abokin ya ba wasu, har dakalin ƙofar gidanmu ya zama majalisar kallon ƙwallo da daddare. Ni kuwa ina ganinsu ina cewa yaran unguwa suna son ɗana. Nan ne datar da na gani a ofis take tafiya, tare da talabijin da aka bari tana buɗe YouTube a mafi girman inganci, da wayoyin da ke sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet duk sanda suka ga Wi-Fi. Injiniya ya sauya kalmar sirrin Wi-Fi da ta shafin saiti, ya kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi ta danna maɓalli a jikin rauta ba tare da kalmar sirri ba, ya kunna tsarin da ba ya barin kowace na'ura ta shiga sai wadda aka rubuta a jeri. Maiɗakina ta sa baki a kan matar maƙwabcinmu da ke sayar da kayan miya ta waya, ta ce ita kam a bar ta, akwai haƙƙin maƙwabtaka. Aka sa wayarta a jerin. Yaran dakali sun yi kwana biyu suna gaishe ni a daƙile, daga baya ya wuce.

Matsalar wuta ita ce mafi sauƙi. Akwai ƙaramin akwatin batir da ake yi don rauta, yana caji idan akwai wuta, ya ci gaba da ba ta idan an ɗauke, ba tare da ta mutu ba. Abin lura kawai a karanta abin da ke rubuce a jikin cajar rautar, tamu 12V ce, a sayi wanda ya dace da ita a ƙarfi da bakin joni. Na saye shi naira dubu ashirin da 'yan kai, yana riƙe rautocin biyu sa'o'i da dama. Tun daga ranar aka daina jin "Yaya, ta mutu" daga ɗakin ƙanwata duk sanda fanka ta tsaya.

Bayan duk wannan, awon asuba ya koma 35 zuwa 40, ɗakin ƙurya ma haka. Amma na dare bai wuce 3 ko 4 ba, alhali RSRP tana nan a -87 ba ta motsa ba. Injiniya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Idan ƙarfin sigina bai sauya ba amma gudu ya faɗi a lokacin da kowa ya dawo gida, to cunkoso ne a kan ƙarfen sabis, kamar famfon unguwa ne da bututunsa bai ƙaru ba amma masu jarka suka ninka. Unguwarmu ta cika da gidaje cikin 'yan shekaru, ga ɗalibai masu haya. Ko eriyar zinare na kafa ba za ta ƙara wa ƙarfen faɗi ba, sai kamfani. Na sake kiran 300, wannan karon da littafina a gaba. Na karanto musu lokuta da lambobi, na ba da sunan unguwa da alamar da ke kusa da ƙarfen, na karɓi sabuwar lambar ƙorafi. Da aka sake rufe shi ba tare da wani sauyi ba, sai na kira 622, layin kyauta na NCC na karɓar koke. Ƙa'idarsu ita ce sai ka fara kai kuka wurin kamfaninka, kuma abin da suka fara tambayata shi ne lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ni. Na ba su duka biyun, suka ba ni tasu. Bayan wani lokaci wani ma'aikacin fasaha na kamfanin ya kira ni da kansa, ya yi tambayoyi irin na wanda ya san aiki, ya amsa cewa ƙarfen yana ɗauke da fiye da ƙima da daddare kuma yana cikin waɗanda za a faɗaɗa. Bai sa mini rana ba. Na kuma roƙi maƙwabta a masallaci su ma su kira su karɓi lamba, don ƙorafin mutum ɗaya ba ya kai na unguwa guda nauyi. Watanni bayan haka awon dare ya hau zuwa 7 ko 8, wanda ya ishi kiran bidiyo da karatun ƙanwata.

Na duba wasu hanyoyin ma. Wayar faiba ita ce ta fi kowacce tsayuwa, amma masu ja ba su iso layinmu ba, sun ce sai an samu gidaje da yawa da suka yi rajista. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a farkon 2023, ba ruwansa da ƙarfen sabis, sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin gida irin nawa, kuma yana son wuta tsayayya. Abin da na yi shi ne na bi maƙwabta masu layuka dabam-dabam, na roƙe su mu auna da wayoyinsu a ƙofar gidana da ƙarfe tara na dare, don da ɗan gari akan ci gari, kuma layin da ya yi fice a Sabon Gari ba lallai ya yi a Rijiyar Zaki ba. Wanda ya fi a wurinmu na sayi sim ɗinsa da sunana, ina sa masa data kaɗan a wayata saboda ranar da babban layin ya faɗi.

Irin wannan rana kuwa tana zuwa. Wata safiya komai ya tsaya, sigina cike amma ko saƙo ba ya fita. Kafin in taɓa rauta na leƙa waje na tambayi mai shagon POS na bakin layi, ya ce shi ma tun safe na'urarsa ba ta aiki. Daga baya muka ji masu aikin titi ne suka tsinke wayar faiba da ke ciyar da ƙarafan yankin. Haka aka yi a ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da manhajojin banki suka rikice a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe. A irin wannan hali duk wanda ya danna maɓallin mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani ya goge saitinsa a banza, sai ya sake biyan mai gyara. Shi ya sa na ɗauki hoton kowane shafi na saitin da Injiniya ya yi na adana, na kuma hana kowa a gidan taɓa ɗan ramin da wannan maɓalli yake ciki.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da awo kafin ya kashe ko sisi, ya auna a gaban rauta da nesa da ita, da asuba da dare, farkon wata da ƙarshensa. Idan a gaban rauta da kyau a ɗaki babu, aikin cikin gida ne, kebul da wurin ajiya. Idan ko'ina babu kuma RSRP ta yi ƙasa, a gwada taga da rufi kafin a sayi eriya. Idan da dare ne kawai, kamfani za a bi da lambar ƙorafi, ko a sauya layi. Ya tabbatar sim ɗin rauta da sunansa yake kafin ya je ofis, ya tafi da NIN, ya kuma yi sammako. Ni abin da ya rage mini yanzu iskar farkon damina ce, tana ɗan juya eriyar. Injiniya ya yi wa bututun alama da jan fenti a daidai inda ya kamata ta kalla, idan na ga lambar RSRP ta sauka zuwa -95 sai ɗana ya hau da sifana mai lamba 13 ya daidaita ta ya ƙara ɗaure noti.